Sati Uku Ina Gudun Allura

Aikina yi wa mutane allura ne. A lokacin da nake ba da labari, shekarata shida a wata ƙaramar likita, wato asibitin unguwa, a Gaya, kuma ɗakin rigakafi shi ne nawa. Ranar awon yara, kafin in iso mata sun cika rumfa, kowace da goyonta da karnen yaro, wato katin awonsa, a hannu. Da Hausa nake fara magana. In na ga uwa ta yi shiru tana kallon bakina sai in juya Dendi ko Zabarmanci, in kuwa Bafillata ce mu haɗa da hannu da dariya har mu fahimci juna. Suna cewa hannuna ba shi da nauyi. Akwai masu tsallake likitar unguwarsu su zo wurina, wai in ni na yi wa yaro ba ya daɗewa yana kuka.

Sai ga shekarar da aka kawo rigakafin korona. Majo, wato babban anfirmiye, malamin jinyar da ke shugabantar likitarmu, ya tara mu da safe a gindin mangwaron tsakar gida. Ya ce an aiko da rabonmu, kuma ma'aikatan lafiya za a fara yi wa, tunda a gabanmu masu tari ke fara zama. Ya ce ba dole ba ne, amma shi dai ba zai iya fita ya ce wa tsofaffin unguwa su zo ba alhali bai yi ba. Yana gama magana ya naɗe hannun riga ya zauna, ya ce in ɗauko kayan aikina.

Na yi masa. Na yi wa Tanti, tsohuwar ungozomarmu wadda rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo. Na yi wa mai ba da magani, na yi wa mai shara, na yi wa mai gadi yana ta salati. Da layi ya ƙare, Majo ya miƙo hannu ya ce in ba shi sirinji, saura ni.

Na ce, "Majo, mura nake ji tun jiya. A bari ta sake ni."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Ba murar da nake yi. Abin da ke akwai shi ne, na kusa shekara uku da aure ba ni da ɗa. A shekarar farko na samu ciki, ya zube yana wata biyu, tun daga nan shiru. Ni da maigidana mun je an duba mu, aka ce ba a ga komai ba, mu yi haƙuri. Haƙurin nake yi, amma ina da ɗan kalanda cikin jaka wanda nake yi wa ɗigo da biro, kuma duk wata in kwanaki suka matso sai in riƙa tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

A wannan lokacin kuwa, duk wayar da ka buɗe akwai muryar wani da ba ka sani ba yana rantsuwa cewa allurar nan tana busar da mahaifa. Wani ya ce shekara biyu, wani ya ce har abada. Na san yadda irin wannan magana take. Na sha jin ta a kan ɗigon shan inna, na kuma sha zama da iyaye ina warware musu ita. Kowane sati ina yi wa masu ciki allurar tetanos da hannuna, ban taɓa jin ɗar ba. Amma wannan sabuwa ce, ba mu daɗe da jin sunanta ba, kuma wannan karon mahaifar da ake magana a kai tawa ce. Duk abin da na koya a lakwal yana nan cikin kaina, sai dai in na ɗauki kwalbar na tuna da kalandana, sai in ajiye ta.

Innata ta ji labari kafin in kai mata. Tana zaune can bakin kogi, sana'arta ƙyafe kifi, kuma ba abin da ke faruwa a garin da bai biyo ta gaban tandarta ba. Ta aiko a kira ni. Na same ta tana juya kifi, hayaƙi ya sa idonta ja.

Ta ce, "An ce ku za a fara yi wa."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Kin yi?"

"Ban yi ba."

"To kar ki yi. Waɗanda suka haifa su je su yi. Tantinku jikoki gare ta, me za ta rasa? Ke ki bari sai kin ga naki a hannu."

Maigidana kuma gyaran injin ban-ruwa yake yi. Manoman shinkafa na fadama duk sun san rumfarsa. Mutum ne da zai tura hannu cikin inji yana ruri, amma in ya ga allura sai ya tuna yana da aiki a wani wuri. In zazzaɓi ya kama shi, ƙwaya kawai yake yarda ya sha, ko da zai yi sati a kwance. Da na tambaye shi ra'ayinsa, ya ce, "Ke ce likita, ke kika san aikinki." Da na matsa, ya sosa kai ya ce, "To a ɗan jira mu gani." Ban san me za mu gani ba, amma na riƙe maganar, don ta yi mini daidai.

Sati ya zagayo, Majo ya leƙo ɗakina ya tambayi jikina. Na ce mura ta tafi, sai dai ina ramuwar azumi. Ya ce shi a iya karatunsa irin wannan allura ba ta karya azumi, amma ba zai yi gardama da mai ibada ba. Ya tambayi kwana nawa ake bi na. Na ce shida. Ya ce Allah ya karɓa. Dole na yi azumin nan, tunda da tsakar rana kowa na gani na. Tanti tana cin dambun zogale a gabana tana lumshe ido, tana cewa ba ta taɓa ganin mai ramuwa da gaggawa irin tawa ba.

Sati na uku na rasa abin faɗi, sai na ce ni zan fita da ayarin da ke zuwa ƙauyuka. Dama ba kowa ke son fitar ba saboda rana da hanya. Kwana huɗu muna fita da sassafe mu dawo da la'asar, ni da wani abokin aiki da akwatin sanyi, muna bin ƙauyukan wajen Bengou. Rigakafin yara muka je yi, amma Majo ya ce duk inda muka sauka mu yi wa manya bayanin na korona, don su san yana zuwa.

Na iya bayanin kuwa. A wani ƙauye da ke cikin giginya na tsaya gaban mata na yi shi tsaf, har abokin aikina yana gyaɗa kai. Muna haɗa kaya sai wata ƙaramar mace ta ja gefen zanena. Ba ta da goyo. Ta ja ni bayan wani rumbu inda ba mai jin mu, ta ce shekararta ɗaya da rabi da aure, ba ta samu ba tukuna, kuma ta ji abin da ake faɗi a kan allurar.

Na fara zuba mata abin da na saba faɗi. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Madam, ke kina da yara?"

Na ce, "Ina nema, kamar ke."

"Kin yi allurar?"

Da a gaban taro ta tambaye ni, wataƙila da na san yadda na zille. Amma mu biyu ne, kuma ta kafe ni da ido. Na ce, "Ban yi ba."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce komai mai zafi ba. Ta ce, "To in kin yi, ki zo ki gaya mini." Ta gyara ɗankwali ta koma cikin mata.

Duk hanyar dawowa kaina a sunkuye yake, ina juya maganarta. Abokin aikina ya ɗauka rana ce ta buge ni.

Washegari da azahar, da mutane suka ragu, na shiga ɗakin Tanti na rufe ƙofa. Kafin in buɗe baki ta ce, "Murar ce ta dawo, ko azumin?" Na yi dariya, daga dariyar sai hawaye. Ta bar ni na gama, ta turo mini kwanon abincinta, ta ce in ci tukuna.

Na gaya mata komai, har kalandan. Ta ce dama ta sani, Majo ma ya sani, shi ya sa ba wanda ya takura mini.

Na ce, "Tanti, ki gaya mini gaskiya. In ɗiyarki ce, me za ki ce mata?"

Ta ce, "Ba zan rantse miki a kan abin da bai zo ba, ni ba Allah ba ce. Amma ban ga ta hanyar da allurar da aka yi a dantse za ta je ta rufe mahaifa ba, kuma waɗanda suka fi ni sani ba su ce sun gani ba. Abin da na gani da idona shi ne mai ciki da ciwon ƙirji. Na ga yadda numfashi ke yi mata wuya, na ga yadda zazzaɓi mai zafi ke fitar da ciki. Ke kuma kullum kina nan, kowa ya zo ya yi tari a fuskarki. Kina ta tunanin kar allura ta hana ki samu. Kin yi tunanin in kin samu, sannan ciwon ya same ki?"

Ban yi ba. Sati uku ina juya maganar nan, ban taɓa juya ta ta wannan gefen ba.

Ta ce kar in tsaya a kan maganarta kaɗai. Ta ɗauki waya ta kira wani likitan mata da ta sani a Dosso, ta miƙo mini. Mutumin ya saurare ni da haƙuri. Ya ce ba ya hana mai neman haihuwa yin allurar, kuma bai ga dalilin da zai sa in dakatar da neman ba bayan na yi. Ya ce zan iya jin zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, in sha abin da na san ana sha. Ya ce a ƙarshe dai jikina ne, ni ke da shawara. Na yi godiya. Na fito da nufin in je gida in sake magana da maigida, tunda shi ya ce a jira.

Ban kai ga fita ba wayata ta yi ƙara. Wata ƙawata ce da muka yi lakwal tare, tana aiki a wata likita can ɗaya gefen gari, wajen hanyar Kamba. Tun kafin ta yi sallama take dariya.

Ta ce, "Ke, yau na ga abin mamaki. Mijinki ya zo wurinmu."

Na ce inji ne ya ji masa ciwo?

Ta ce lafiyarsa lau, allurar korona ya zo yi. Ya zauna a layi da baƙin mai a riga, duk wanda ya zo bayansa sai ya ce masa ya wuce gaba, har layi ya ƙare ya rage shi kaɗai. Da ya shiga ya gan ta, ya so ya juya, ta tare ƙofa. Ya kau da kai yana karanta duk addu'ar da ya sani. An gama lafiya, ya miƙe ya ce ashe ma ba zafi, ya taka sau biyu, sai ga shi a ƙasa. Suka kwantar da shi a kan benci, suka ɗaga ƙafafunsa, aka jiƙa masa sukari. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne don girman Allah kar a gaya wa matarsa.

Ta ce, "Na ce masa ba zan faɗa ba. To kin ga, ban faɗa ba."

Na isa gida da la'asar na same shi a tsakar gida kan tabarma, abin da ba ya yi a wannan lokacin. Hannun hagu yana manne da jikinsa kamar an ɗinke. Na gaishe shi, na tambayi aiki. Ya ce aiki da godiya, yau dai ba mutane sosai. Na ce don Allah ya sauko mini da buhun shinkafar da ke kan randa. Ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce wani inji ya bugar masa kafaɗa.

Na ce, "Subhanallahi, bari in gani." Na zauna kusa da shi na ɗaga hannun rigar. Ga ɗan wurin nan ya yi ja. Na sa yatsa na danna kaɗan, ya yi ƙara.

Na ce, "Wannan injin bakinsa siriri ne."

Ya ce, "Ƙawarki ba ta da amana."

Muka yi ta dariya har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Da muka natsu na tambaye shi me ya kai shi, shi da ya ce a jira.

Ya ce, "Na ga kin daina cin abinci. Kullum kina kallon kalandan nan. Na ce in akwai wani abu a cikin allurar, to ya fara da ni mu gani."

Na ce, "Kai mahaifa gare ka?"

Ya ce, "An ce mu ma maza tana taɓa mu. Kin ga yanzu in an yi asara, ta wajena ce, ba mai cewa ke ce."

Lissafin nasa bai hau kan ilimin likita ba ko kaɗan, kuma na so in gyara masa. Amma na dubi mutumin nan da ya tsallaka gari, ya zauna a layi yana zufa saboda ni, sai na fasa. Na tashi na ɗora masa ruwan zafi.

Da safe na riga kowa zuwa. Na fito da kwalba, na shirya sirinji, na kai wa Tanti na zauna a kujerar da nake zaunar da mutane. Majo ya zo wucewa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Yau ba mura, ba azumi, ba ƙauye?" Na ce babu. Ya ce to a yi maza kafin wani abu ya taso. Tanti ta yi bismilla ta soka. Gaskiya hannunta ya fi nawa nauyi, na kuma gaya mata.

Zazzaɓi ya rufe ni da yamma, kashegari ban je aiki ba. Inna ta ji, ta zo da faɗanta tun daga zaure. Ta ce ita ba a jin maganarta, an mai da ta mai ƙyafe kifi kawai. Tana faɗa tana kwance ƙullin da ta zo da shi, tana faɗa tana hura wuta. Ta yi mini farfesun kifi mai yaji, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Da ta ji surukinta ma ya yi, har da yadda ya faɗi, ta riƙe baki, daga nan faɗan ya koma dariya.

A watan nan al'adata ta yi jinkirin kwana biyar. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara lissafin watan haihuwa, har na zaɓi atamfar suna a zuciyata. Rana ta shida ta zo. Na tafi wurin Inna na zauna bayan tanda ina kuka, ina jira ta ce ai ta faɗa. Ta ci gaba da juya kifinta, can ta ce, "Kafin allura ma ba haka yake zuwa duk wata ba? Share idonki. Lokaci ne bai yi ba." Ban taɓa jin daɗin maganarta kamar ranar ba.

Da fita ta sake zagayowa na koma ƙauyen giginya. Na nemi matar nan, na ja ta bayan rumbun, na nuna mata katin allurata. Ba ta iya karatu ba, amma ta juya shi gaba da baya, ta tambaye ni abin da na ji. Na gaya mata duka, da zazzaɓin da ciwon hannun da jinkirin kwana biyar. Ta ce za ta yi shawara da mijinta. A fita ta gaba ta zo da kanta ta miƙo dantse.

Ita ta riga ni samun ciki. Bayan wasu watanni na gan ta a rumfarmu a Gaya, ta zo awon ciki, ta ƙi zuwa likitar da ta fi kusa da su. Ta kawo mini muruci cikin ƙwarya. Da ta dubi cikina ta ga yana nan yadda yake, sai ta kama hannuna ta ce, "Madam, ki yi haƙuri, naki na nan tafe." Na yi shekaru ina faɗa wa mata wannan magana, ranar na ji yadda take a kunne.

Nawa cikin na same shi wata tara bayan allurar, lokacin da na riga na yi ta biyu har na manta. Ba na cewa allura ce ta kawo shi, ko da yake maigida har yau yana cewa faɗuwarsa ce ta buɗe hanya. Na yi gwajin da kaina a ɗakin ajiyar magani, na kasa yarda da idona, na kai wa Tanti. Ta sa tabarau ta duba, ta cire, ta ce, "To, sai a fara shan maganin ƙarin jini." Sannan ta rungume ni har numfashina ya ɗauke.

Ban iya jiran yamma ba. Na hau motona, ɗan babur ɗin da nake zuwa aiki da shi, na nufi rumfar maigida. Na same shi a tsugune gaban wani inji, manoma biyu na tsaye a kansa. Na kira shi gefe na faɗa masa a kunne. Ya tsaya da sifana a hannu. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kuma a kan moto kika zo? Ta wannan hanyar mai ramuka?"

Ya ce wa manoman su dawo gobe. Ya karɓe makulli ya sa a aljihu. Na ce to ya tuƙa mu a hankali, ya ce a'a. Haka muka taho gida a ƙasa cikin ranar azahar, shi yana tura moto, ni ina bin sa da jakata, duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaya ko mai ne ya ƙare mana. Shi kuwa sai ya ce, "E, mai ne," yana ta washe baki.